Yadda ake kwana da motar-gida a bakin tekun Kaliforniya: dokar dare da dokar kare

Wanda ya bi babbar hanya mai lamba 101 daga garin Ventura ya nufi Santa Barbara, in ya waiga hagu zai hangi fararen motoci manya jere a gefen tsohuwar hanya, gindin wannan a hancin waccan, teku na dukan duwatsu a ƙarƙashinsu. Motocin nan su ne Amurkawa ke kira RV, mota ce da aka gina ɗaki a cikinta, da gado da murhu da firji da banɗaki. Mu kira ta motar-gida. Wurin kuwa sunansa Rincon Parkway, gurbi 127 ne aka shata da fenti a kan kwalta tsakanin Faria Beach da Hobson Beach, kuma hukumar wuraren shaƙatawa ta gundumar Ventura ce ke kula da shi.

Baƙo yakan ga jerin nan ya ɗauka duk inda gefen hanya ya yi faɗi a bakin teku mutum na iya kashe mota ya kwanta. A nan ake cin tara. Gaɓar tekun jihar Kaliforniya ba ta hukuma ɗaya ba ce: wani yanki na gunduma ne, wani na jiha, wani na birni, kuma cikin tafiyar minti goma sai ka ratsa dukkan ukun. Abin da ya halatta a wannan shinge haramun ne a na gaba. Ga yadda ake bi.

Mataki na farko: san mai wurin

Tun kana gida, gano hukumar da ke riƙe da wurin da kake so. Rincon Parkway da Faria da Hobson na gunduma ne. Emma Wood State Beach, wanda ke kudu da su kaɗan a bakin garin Ventura, na jiha ne, haka ma Thornhill Broome da ke Point Mugu a hanyar Malibu, da Bolsa Chica, da Silver Strand can kusa da San Diego. Dockweiler kuma, wanda jirage ke tashi ta kansa daga filin jirgin Los Anjeles, gundumar Los Anjeles ce ke tafiyar da shi. Kowace hukuma da shafin kama gurbinta, da farashinta, da lokacin shiga da fita, da abin da ta ce game da kare.

Akwai wata doka ta 1976 da ta tabbatar wa jama'a haƙƙin isa bakin teku a jihar, kuma jiƙaƙƙen yashin da ruwa ke hawa ya sauka a kai na kowa ne. Mutane kan riƙe wannan su yi gardama da jami'i cikin dare. Gardamar banza ce. Dokar ta ba ka damar taka yashi, ba ta ba motarka damar kwana a gefen titi ba.

Mataki na biyu: motar da za a karɓa

A Rincon Parkway da Emma Wood ba a kafa tanti, ba a kuma kwana cikin ƙaramar mota da bokiti a bayan kujera. Sharaɗin shi ne motar ta wadatu da kanta: ta zo da ruwanta, da banɗakinta, da tankin da zai riƙe ƙazantarta har ta bar wurin. Dalili a fili yake. Babu famfo, babu wayar lantarki da za ka jona, babu ramin zubar da ƙazanta. Kwalta ce da duwatsu da teku.

Idan haya za ka yi, akwai kamfanoni irin su Cruise America da El Monte RV, akwai kuma Outdoorsy inda masu motoci ke ba da nasu haya. A Kaliforniya lasin tuƙi na yau da kullum ya isa ga motar-gida da ba ta wuce ƙafa 40 ba, wato kamar mita 12. Shawarata ga mai farawa: kada ka wuce ƙafa 25. Gurbin Rincon bai fi ƙafa 45 ko kusa da haka ba, kuma duk abin da ka zo da shi, har motar da ta jawo tirela in tirela ce, dole ya shige tsakanin layukan fenti biyu. Mai jan tirela ya tuna cewa gudunsa a jihar ba ya wuce mil 55 a awa, kimanin kilomita 88, ko da sauran motoci na wuce shi kamar iska.

Mai kare ya faɗa wa kamfanin haya tun farko, a rubuta a takarda. Wasu sun yarda, wasu na ƙara kuɗin shara, wasu masu motocin kuma ba sa so sam.

Mataki na uku: kama gurbi

Da can a Rincon Parkway wanda ya riga zuwa shi ke da wuri. Yanzu ta intanet ake kama gurbi a shafin gundumar, a biya, a ba ka lamba. Wuraren jiha kuma ta shafin ReserveCalifornia ake bi, kuma ana buɗe kowace rana ne wata shida kafin zuwanta, da ƙarfe 8 na safe agogon Kaliforniya. Gurabun bakin ruwa na ƙarshen mako a watannin Yuni zuwa Agusta kan ƙare cikin mintuna. Mai son sauƙi ya nemi Talata ko Laraba, ko ya bari sai Oktoba, lokacin da yara suka koma makaranta, hazon safiya ya ragu, rana kuma ba ta da zafi.

Ba a zama yadda aka ga dama. Gunduma na ƙayyade yawan kwanakin da mutum zai yi a jere, kuma adadin na cikin takardar da za a turo maka. A wuraren jiha iyakar ita ce kwana 30 a shekara a wuri ɗaya, kwana 7 a jere a lokacin cunkoso. Tun farkon 2024 jihar ta tsananta wa masu kama gurbi su ƙi zuwa: wanda ya soke da sauran kwana bakwai ko fiye yana samun kuɗinsa, wanda ya yi shiru bai zo ba ya yi asara, in kuma ya maimaita sau uku a shekara ana iya toshe shi daga kama wani. An yi haka ne saboda gurabu kan zauna fayau da dare alhali shafin na cewa babu wuri.

Buga takardar a kan takarda ta gaske, ka ajiye a gilashin gaba. Jami'in da ke zagaye ba zai tashe ka ya tambaye ka ba in ya ga lamba da kwanan wata daga waje.

Mataki na huɗu: lissafin ruwa da wuta

A nan ne ake gane wanda ya shirya. Motar-gida tana da tanki uku: na ruwa mai kyau, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na bahaya. A matsakaiciyar motar haya tankin ruwa mai kyau kan ɗauki galan 40, kimanin lita 150. Ka ji lita 150 ka ce da yawa, amma mutum huɗu masu sakin shawa za su shanye shi kafin la'asar ɗin rana ta biyu. Wanda ya taɓa zama a unguwar da ake sayen ruwa a jarka ya riga ya iya wannan karatu: a jiƙa jiki, a rufe, a shafa sabulu, a ɗauraye.

Mu masu amfani da buta muna da ƙarin lissafi, domin ruwan tsarki a tankin bahaya yake taruwa, kuma yana cika shi da wuri fiye da yadda mai ba da haya ya kimanta. Ba laifi ba ne ga tankin, ruwa ma na taimaka masa, amma a riƙa duba ma'aunin da ke bango kullum da safe. Alwala kuwa a yi ta waje da buta, a bar tankin wanka ya huta. Ka zo da jarkoki biyu na ruwan sha daban. Abin da ba a yi ko kusa shi ne buɗe bututun tanki a kan kwalta ko cikin duwatsu, ko da ruwan wanke kwano ne. Laifi ne mai tara, kuma maƙwabtanka ne za su fara kai ƙara.

Wuta daga batir take zuwa, ko sola, ko janareta. A wuraren jiha ana kunna janareta ne daga ƙarfe 10 na safe zuwa 8 na dare kawai, lokacin shiru kuma daga 10 na dare zuwa 6 na safe. Gunduma na da nata jadawalin a allon shiga. Cika tukunyar gas kafin ka baro gari, domin firji da murhu da na'urar ɗumama ɗaki duk a kanta suke. Gwada ƙararrawar hayaƙi da ta gurɓatacciyar iskar da ba ta da wari kafin ka karɓi mota. Motoci a Rincon kusa da juna suke, hayaƙin janaretan na gaba da kai yana iya shigowa ta tagarka.

Mataki na biyar: duba teku kafin ka tashi

Tekun Fasifik a wannan gaɓa yana cika sau biyu ya janye sau biyu a yini, kuma lokacin na matsawa gaba da kusan minti 50 kowace rana. Hukumar NOAA, mai lura da teku da yanayi a Amurka, na wallafa jadawalin kyauta. Mai bin lissafin wata ma ya san rabin labarin: ruwa ya fi tumbatsa a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu, mafi girma kuma a Disamba da Janairu. Idan irin wannan cika ta haɗu da manyan igiyoyin hunturu, ruwa kan tsallake duwatsun ya watso tsakuwa a kan motoci. Emma Wood ma akan rufe shi a irin waɗannan ranaku. Ranar 28 ga Disamba 2023 wata igiya ta haura katanga a ƙarshen titin Seaward a Ventura ta kwashi masu kallo, aka kai mutum takwas asibiti. Tsaunin da ke bayanka shi ma ba abin raini ba ne bayan ruwan sama mai yawa: a La Conchita, tafiya kaɗan arewa da Rincon Parkway, ƙasa ta zabtaro ranar 10 ga Janairu 2005 ta kashe mutum goma. In an yi gargaɗin guguwa, ɗaga tafiyar.

Mataki na shida: isa da ajiye mota

Ƙofar motar-gida a Amurka a dama take. Kana so ta buɗe wajen teku, ba wajen titi ba, don haka sai ka shigo ta arewa. In daga Ventura ka taso, wuce wurin a kan 101, ka sauka a mafitar Seacliff, ka juyo kudu a kan tsohuwar hanya. Teku zai koma damanka, lambobin gurbi na kan kwalta. A wuraren jiha ana shiga daga ƙarfe 2 na rana, a fita da 12 na rana. Ka isa da sauran haske.

Wani ya sauka ya tsaya inda kake ganinsa a madubi ya yi maka jagora. Ka matsa sosai gefen duwatsu, ka tabbata ba abin da ya leƙa farin layin titi, domin hanyar masu keke ce ke bi ta jikin motocin, kuma suna zuwa da gudu. In motarka na da ɗakin da ke turowa waje ta gefen direba, auna kafin ka danna. Daidaita mota da katako ko robar ɗagawa a ƙarƙashin taya har ta zauna daidai, saboda firjin gas ba ya aiki da kyau a karkace. Ja birkin hannu, sa weji. Rumfa kuwa kada a bar ta a buɗe in za a kwanta ko za a bar wurin. Iskar yamma ta karya rumfuna da yawa, kuma inshorar haya sau da yawa ba ta biyan wannan.

Layin dogo na bi ta ɗaya gefen hanyar. Jiragen fasinja na Amtrak da na kaya na wucewa dare da rana, don haka mai saurin farkawa ya zo da abin toshe kunne, mai yara kuma ya ja musu kunne tun daga saukowa: ba a tsallaka titi, ba a hawa dogo. Alƙibla daga nan arewa ce da ɗan karkata gabas, wato mai salla tsauni zai fuskanta, teku na bayansa.

Dokar dare

Kwana ya halatta ne a gurbin da ka biya, a daren da ka biya. Filayen ajiye mota na yini da ke bakin teku ana rufe su da dare, kuma zama a ciki bayan an rufe laifi ne ko da ka ce ba barci kake ba. A Silver Strand har ƙofar sansanin ake kullewa da dare, wanda ya fita cin abinci ya yi latti sai dai ya bar ƙaramar motarsa a waje. Wuraren hutawar direbobi na manyan hanyoyin jihar sun yarda da tsayuwar awa 8 cikin awa 24, hutu ne na mai gajiya, ba a fito da kujeru da murhu. A Malibu akwai alluna a gefen Pacific Coast Highway da ke hana ajiye mota na wasu awoyi a tsakar dare, an tsara su ne musamman don kada a kwana. Can arewa a Big Sur, gundumar Monterey ta haramta kwana a gefen hanya mai lamba 1, kuma a 2022 ta ɗaga tarar zuwa dala 1,000.

Ganin wasu motoci a fake ba hujja ba ce. Wataƙila suna da takarda, wataƙila tararsu na maƙale a gilashi ba ka gani ba. Allo za ka karanta, na kusa da inda tayarka take. In aka ƙwanƙwasa da dare, kunna fitilar ciki, buɗe taga, nuna takarda, in an ce ka tashi ka tashi. Wani abu da baƙi kan manta: tun 1 ga Janairu 2020 an hana shan taba a rairayin teku da gandun daji na jiha.

Dokar kare

A gida in aka ce karen mota, yaron direba ake nufi. A nan karen mota kare ne na gaske, yana kujerar gaba da kansa a taga, kuma da wuya ka ga jerin motoci goma babu karnuka biyar. Saboda haka wannan sashe ya shafi mai kare da wanda ba ya son kare ya raɓi tabarmarsa.

Abin da za a riƙe shi ne bambanci tsakanin kwalta da yashi. "An yarda da kare" a shafin kama gurbi yawanci na nufin an yarda da shi a sansani, wato wajen motarka. Saukarsa kan yashi magana ce daban. A Emma Wood kare na iya zama a sansani amma ba ya taka bakin ruwa. Haka a Bolsa Chica da Silver Strand. A Dockweiler ma haka, domin gundumar Los Anjeles ba ta yarda da kare a rairayinta ba. A Thornhill Broome kuwa an yarda ya sauka yashi da igiya a wuya, a Leo Carrillo kuma sai a sashen arewa. Wuraren da ake sakin kare ya yi gudu kaɗan ne kuma an san su da suna, kamar Rosie's Dog Beach a Long Beach. A Rincon Parkway ana karɓar kare da igiya, a biya masa ɗan kuɗi a kowane dare, sai ka sa shi cikin rajista tun farko, ka kuma karanta allon da ke bakin gangaren kafin ka sauka da shi.

Ba ƙiyayya ce ta kawo wannan tsanani ba. Akwai 'yar tsuntsuwa da ake kira snowy plover, ba ta kai tafin hannu ba, tana yin ƙwai a ɗan rami a kan busasshen yashi, launin ƙwan sak na yashin. Tun 1993 gwamnatin tarayya ta sa ta cikin halittun da ke fuskantar barazana, kuma lokacin ƙwanta daga Maris ne zuwa Satumba, daidai lokacin da mutane ke cika bakin teku. Kare ba sai ya kama ta ba. Ganinsa kawai na sa uwar ta tashi daga kan ƙwai, hankaka ko sanyi su gama da su. Shi ya sa jami'ai ba sa sauraron "ai nawa ba ya cizo".

A wuraren jiha ƙa'idojin a rubuce suke: igiya kada ta wuce ƙafa 6, ƙasa da mita biyu kaɗan, kare ya kwana cikin mota da dare, kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe kashinsa a leda a kai kwandon shara. Ka riƙe takardar allurar haukan kare a aljihun mota. Dokar jihar ta haramta barin dabba a rufaffiyar mota cikin zafin da zai cutar da ita, kuma motar-gida da ba a jona da wuta ba tana zama tanda da rana tsaka, ko da iskar waje na da sanyi. Karnukan da aka horar don taimakon naƙasassu dokar tarayya ta ware su, suna shiga inda wasu ba sa shiga.

Bakin ruwan kansa na da nasa tarko ga kare. Ruwan gishiri na sa shi gudawa da amai, don haka a ajiye masa kwanon ruwa mai kyau. Akwai ɗanyen kwalta da ke tsattsafowa daga ƙarƙashin teku a wannan yanki yana manne wa ƙafa, man girki ke cire shi, ba kananzir ba. Ƙugiyoyin masunta na cikin duwatsu. In ka ga dabbar ruwan nan da ake kira zakin teku kwance a yashi yana kaɗa kai, ja karenka nesa ka sanar da jami'i, mai yiwuwa gubar da ke fitowa daga wani tsiron ruwa ce ta kama shi, kuma doka ta 1972 ta hana matsa wa irin waɗannan dabbobi.

Mai tunanin tahowa da kare daga Najeriya ko Nijar ko Gana ya san cewa tun 1 ga Agusta 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce kowane kare mai shiga Amurka ya kai wata shida, a dasa masa ƙwayar shaida a ƙarƙashin fata, a cike fom ta intanet. Ƙasashen nan uku na cikin jerin waɗanda ake ɗauka da haɗarin haukan kare, saboda haka akwai ƙarin takardu da bincike. Don hutun mako biyu, wahalar ta fi amfanin.

Wanda kuma ba ya hulɗa da kare, doka na gefensa. In karen maƙwabci ya zo yana shinshina kayanka, faɗa wa mai shi cikin fara'a cewa ba ka saba da karnuka ba, ya taimaka ya riƙe shi. Galibi za su ba da haƙuri nan take. Kada ka ɗaga dutse ko sanda yadda aka saba a gida. A wurinsu kamar ka ɗaga wa ɗansu hannu ne, kuma kai za a ba rashin gaskiya. In abin ya ci gaba, lambar jami'in wurin na allon shiga.

Tashi

Naɗe rumfa, mayar da ɗakin da ya turo, kashe gas, kulle firji da durowoyi, cire weji, zagaya motar sau ɗaya da ido a ƙasa. Kwashe shararka duka. Ka bar gurbin kafin lokaci ya cika, domin wani na hanya da takardarsa.

Saura tankuna. Nemi wurin zubarwa na kuɗi a sansanonin da ke da shi ko a wasu gidajen mai, ka san inda yake tun kafin ranar. Sa safar hannu ta roba, jona tiyo a motar, cusa ɗaya bakin a ramin, ka danne shi da ƙafa ko dutse. Buɗe tankin bahaya tukuna, bari ya tsiyaye sarai, rufe, sannan ka buɗe na ruwan wanka ya wanke tiyon. Ɗauraye da famfon da aka ware don haka, wanda ba a taɓa cika tankin sha da shi. Daga nan ka tsaya wurin wankin manyan motoci a watsa wa jiki da ƙarƙashinta ruwa, saboda gishirin kwana uku a bakin teku ya isa ya fara cin ƙarfe.